Yadda Ake Kare Zaren DNA Na Haɗi Daga Enzayim Masu Cinye Shi

Duk wanda ya taɓa aika odar firaima, wato ɗan zaren da ake fara kwafar DNA da shi, daga Kumasi ya san irin jiran da ke cikinta. Ana biyan kuɗin da dala ko yuro, a haɗa kayan a wata ƙasa, su sauka a Accra, sannan bayan makonni su iso cikin 'yan ƙananan tiyub waɗanda idan aka ɗaga su sama sai a ga kamar babu komai a ciki. Abin da ido ba ya gani ɗin nan shi ne gajeren zaren DNA da na'ura ta haɗa harafi bayan harafi, wanda ma'aikatan ɗakin gwaji ke kira oligo, kuma a kansa aikin gano cututtuka da PCR, wato hanyar ninka kwafin DNA har a iya gano shi, ya dogara, tun daga tabbatar da gyambon Buruli a cibiyar KCCR da ke harabar jami'ar KNUST har zuwa binciken zazzaɓin cizon sauro a cibiyar Noguchi da ke Legon. Na rubuta wannan bayani ne domin ƙannenmu 'yan zango, na Aboabo da Asawase da Nima da Mamobi, waɗanda suka shiga wannan fanni suka fara riƙe kaya masu tsada a hannunsu, domin su san yadda ake hana oligo lalacewa ba tare da an kashe kuɗin da bai kamata a kashe ba.

Zaren DNA ya yi kama da carbi. Kowane ɗan carbi harafi ne daga cikin huɗun nan, A da C da G da T, yana zaune a kan wani nau'in sukari, sa'an nan wani ƙulli na fosfet yana haɗa sukarin wannan harafi da na mai bi masa. Zaren yana da kai da wutsiya, ana kiran ɗaya bakin 5′, ɗayan kuma bakin 3′. Enzayim ɗin da ke lalata shi, waɗanda ake kira nukiliyes, duk a kan ƙullin fosfet ɗin suke sara, amma salonsu biyu ne. Akwai ekzonukiliyes, masu kama baki su riƙa zare 'ya'yan carbin ɗaya bayan ɗaya, akwai kuma endonukiliyes, masu tsinke zaren a tsakiya ko da an rufe bakunansa duka biyu. A cikin ruwan jini, mafi yawan ɓarnar daga masu cin bakin 3′ take fitowa, kuma oligon da ba a yi masa kariya ba yakan fara gutsurewa cikin mintuna. Matsalar ta tsufa daidai da fannin kansa, domin tun a 1978, lokacin da Paul Zamecnik da Mary Stephenson suka yi amfani da zare mai haruffa 13 wajen hana wata ƙwayar cutar kaji yaɗuwa, sai da suka gwada har da wanda aka toshe wa bakuna.

Mataki na farko: a san inda oligon zai zauna da aikin da zai yi

Kafin a cika takardar oda, a zauna a rubuta amsar tambayoyi uku a littafin aiki. A ina oligon zai zauna, a cikin tiyub ne kawai, ko a cikin haɗin PCR, ko cikin ruwan jini da ƙwayoyin halitta masu rai? Har tsawon wane lokaci ake buƙatar ya jure, awa biyu ko kwana uku? Sannan wane ɓangarensa ne bai kamata a taɓa ba idan ana son ya ci gaba da aikinsa?

Tambaya ta uku ita ce wadda aka fi mantawa da ita, kuma ita ta fi jawo asara. Firaima tana buƙatar bakinta na 3′ a buɗe, domin daga nan enzayim mai kwafi yake ɗora sababbin haruffa, saboda haka duk wanda ya toshe wannan baki ya kashe firaimarsa da hannunsa. Furob irin na TaqMan kuwa, wato oligo mai ɗauke da launi mai haske, an ƙera shi ne domin Taq, enzayim mai kwafi na PCR, ya cinye shi daga bakin 5′ ya saki hasken da na'ura ke aunawa, wanda ya sa ƙarfafa wannan baki yakan rage hasken ko ya hana shi fita. Oligon da aka shirya domin ya manne wa RNA, wato zaren da ke ɗauke da saƙon DNA, ya kira enzayim ɗin RNase H ya yanke ta, shi kuma dole ne a bar masa tsakiya mai sukarin DNA na asali. Kowane irin kariya yana da abin da yake ragewa, don haka ake fara tantance abin da ba za a iya rasawa ba.

Mataki na biyu: tsabta da ajiya

A nan zan daɗe, domin a ganina mafi yawan oligon da ke mutuwa a ɗakunan gwajinmu ba sa buƙatar wani gyaran sinadari mai tsada, ruwan da aka narka su da shi da hannun da ya taɓa su ne suke kashe su. Na tuna wata ɗaliba da ta same ni da safe ranta a ɓace ta ce, "Malam, dumsor ya kashe mini firaima, firiza ta kwana babu wuta." Na ce mata, "Ƙanwata, da wane ruwa kika narka su?" Sai ta nuna mini wata kwalbar tataccen ruwa da ke kan teburi, wadda kowa yake tsoma fifet a cikinta tun watanni. Ɗaukewar wuta ta dare ɗaya ba ta isa ta lalata oligon da ke cikin bafa mai kyau ba, wato ruwan haɗi mai hana tsami, amma ruwa irin wannan zai iya, da wuta ko babu wuta.

Dalilan biyu ne. Tataccen ruwa da aka bari a buɗe yana shan iskar kabon-dayoksaid ya yi ɗan tsami, tsami kuwa yana ciro haruffan A da G daga kan sukarinsu, daga nan zaren ya tsinke ko babu enzayim. Na biyu, nukiliyes suna nan a gumi da yawu da fatar hannu, suna kuma fitowa daga bakteriya da funfuna, waɗanda damina da laimar Kumasi suke yi wa gata. Bakteriyar Staphylococcus aureus, wadda ke zaune a fata da hancin mutane da yawa masu lafiya, tana fitar da wani nukiliyes mai jure zafi ƙwarai.

Ga yadda ake yi idan kaya suka iso. A sa sabuwar safar hannu, a goge teburi da fifet, a yi amfani da bakin fifet mai matata. Kafin a buɗe murfin tiyub, a juya shi a santirifuj na daƙiƙa 30, domin busasshen oligo yakan ɓalle a hanya ya maƙale a murfi, wanda ya buɗe ba tare da ya juya ba yana iya zubar da rabin kuɗinsa a iska. A narka shi da bafar TE, wato Tris milimola 10 da EDTA milimola 1, a ma'aunin pH 8.0. Tris yana hana tsami, EDTA kuma yana kama maganiziyam da kalsiyam, waɗanda DNase I da nukiliyes da yawa ba sa iya aiki sai da su. Lissafin mai sauƙi ne: a dubi adadin nanomol da aka rubuta a jikin tiyub a ninka shi sau 10, abin da ya fito shi ne maikurolita na bafar da za a zuba a sami maikuromola 100. Idan an rubuta nanomol 25.4, sai a zuba maikurolita 254. A bar shi ya jiƙa na minti 10 zuwa 15, a girgiza, a sake juyawa.

Wasu suna gudun TE saboda tsoron kada EDTA ya ƙwace maganiziyam ɗin PCR. Idan aka yi lissafi za a ga tsoron bai kai yadda ake zato ba, domin maikurolita 1 na firaima a cikin haɗi mai maikurolita 25 yana kawo EDTA milimola 0.04 ne kawai, alhali maganiziyam ɗin haɗin yakan kai milimola 1.5 zuwa 2. Wanda duk da haka hankalinsa bai kwanta ba sai ya yi amfani da TE mai EDTA milimola 0.1.

Daga uwar tiyub sai a raba ƙanana na aikin yau da kullum, maikurolita 10 na oligo da 90 na bafa su ba da maikuromola 10, a rubuta suna da kwanan wata, a ajiye uwar a digiri 20 ƙasa da sifili ba a sake taɓa ta sai ƙananan sun ƙare. Babban amfanin rabawar shi ne idan ƙazanta ta shiga ɗaya ba ta shafi sauran ba. A sa tiyub ɗin cikin akwati a can ƙuryar firiza, nesa da ƙofa, a kewaye shi da robobin ƙanƙara domin su riƙe sanyi idan wuta ta tafi kafin a tayar da janareta. Oligon da ba za a buƙata nan kusa ba gara a bar shi a bushe yadda ya zo, da ɗan ƙunshin silika a cikin akwatin saboda laima. Mai ɗauke da launi mai haske a ajiye shi a tiyub mai duhu ko a naɗe shi da takardar alminiyam. Kada a manta da tukunyar ruwan ɗumi ta ɗakin gwaji, wadda sau da yawa ita ce gidan bakteriya mafi girma a wurin: duk tiyub ɗin da ya fito daga cikinta a goge jikinsa kafin a buɗe.

Idan oligon ba zai bar tiyub da haɗin PCR na Taq ba, a nan aikin kariya ya ƙare. Sauran matakan na wanda zai shiga inda nukiliyes suke jiransa ne, inda ba za a iya zuba EDTA ba domin ƙwayoyin halitta da enzayim ɗin aikin su ma suna buƙatar maganiziyam.

Mataki na uku: a gyara siffar zaren tun a kwamfuta

Wannan ba ya cin kuɗi sosai. Wasu ekzonukiliyes, kamar Exonuclease I, zare guda ɗaya kawai suke ci, saboda haka idan aka tsara bakin 3′ ya lanƙwaso ya manne wa kansa kamar ƙugiya, cin yana raguwa. Zare mai tagwaye da aka rufe bakunansa biyu da madauki, ko zaren da aka haɗa kansa da wutsiyarsa da enzayim ɗin ligase ya zama zobe, ba shi da bakin da za a kama ko kaɗan, ko da yake endonukiliyes za su iya tsinke shi. A wannan mataki ne kuma ake duba jerin haruffan a kauce wa G huɗu a jere, domin suna sa zaruruwa su dunƙule, da kuma C wanda G ke bi masa kai tsaye idan oligon zai shiga jikin dabba, domin garkuwar jiki tana ɗaukar irin wannan jeri a matsayin alamar DNA ɗin bakteriya ta tayar da kumburi.

Mataki na huɗu: ƙullin farar wuta

Gyaran da ya fi kowane yaɗuwa, kuma ya fi araha, shi ne wanda ake kira fosforotayowet, ko PS a taƙaice, wanda Fritz Eckstein ya fara aiki a kansa a Jamus cikin shekarun 1960. Ana cire oksijin ɗaya daga ƙullin fosfet a maye gurbinsa da farar wuta, sai ƙullin ya zama ba ya zama daidai a bakin nukiliyes, saran ya yi masa wuya. Maganin farko na wannan fanni da hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi, fomivirsen, a 1998, zare ne mai haruffa 21 wanda dukan ƙullinsa PS ne.

Tambayar da ake yi kullum ita ce ƙulli nawa za a canza. Ga firaimar da za a yi amfani da ita da enzayim mai gyara kuskure, irin su Pfu da Phusion da Q5, waɗanda kan ɗan ci bakin 3′ na firaima yayin da haɗin yake jiran a sa shi a na'ura, ƙulli ɗaya ko biyu na ƙarshe sun wadatar, kuma PS ba ya hana a ɗora sababbin haruffa. Haka ake yi wa gajerun firaima masu haruffa 6 da ake haɗawa da enzayim ɗin phi29, ana sa musu PS biyu a ƙarshe. Ga oligon da zai shiga ruwan jini ko ruwan kiwon ƙwayoyin halitta na 'yan awoyi, a fara da uku a kowane baki, a ƙara zuwa biyar idan gwaji ya nuna buƙata. Kamfanoni da yawa suna amfani da alamar tauraro wajen nuna wurin, sai a rubuta kamar haka: T*C*A*GTTACCAGTCTAAC*A*G*T. A lura cewa tauraron yana tsakanin haruffa ne, domin ƙulli ake canzawa, kuma a karanta ƙa'idar rubutu ta kamfanin kafin a aika, saboda ba duka suke bin salo ɗaya ba.

Me ya sa ƙulli ɗaya bai isa ba a cikin jini? Domin duk inda aka sa farar wuta, ƙullin yana fitowa da fuska biyu kamar hannun dama da na hagu, ana kiransu Rp da Sp, kuma na'urar haɗi ta yau da kullum tana fitar da su a cakuɗe. Masu cin bakin 3′ na cikin jini suna iya sare mai fuskar Rp, amma mai Sp yana tsayar da su. Da ƙulli ɗaya, kusan rabin zaruruwan da ke tiyub ɗin ba su da cikakkiyar kariya. Da uku a jere, waɗanda duka ukun suka faɗo a fuskar mai rauni kusan ɗaya cikin takwas ne kawai.

Sai dai kada wannan ya sa a ruga a mayar da dukan zaren PS, kamar yadda na ga wasu suna yi da tunanin cewa yawan kariya ba ya ɓaci. Kowane ƙulli na PS yana rage ƙarfin mannewar oligo da abokin haɗinsa, wato yana rage zafin da suke rabuwa a kai da kimanin rabin digiri, saboda haka zare mai haruffa 20 da aka canza dukan ƙullinsa 19 zai iya rasa kusan digiri 10. Zaren ya kuma zama mai ɗanko ga furotin, yana manne wa waɗanda ba a aike shi wurinsu ba, abin da ke kawo guba ga ƙwayoyin halitta idan adadin ya yi yawa, ya kuma ba da sakamakon da mutum zai ɗauka na aikinsa ne alhali na ɗankon ne. Ban da haka, waɗannan ƙulli 19 masu fuska bibbiyu suna nufin akwai nau'i 524,288 a cikin tiyub guda. Cikakken PS yana da wurinsa, musamman idan za a yi wa dabba allura, domin a can manne wa furotin ɗin jini yana hana ƙoda ta tace oligon ta fitar da shi da wuri. Amma duk wanda ya yi amfani da shi dole ne ya yi odar wani oligo na gwaji mai haruffa iri ɗaya a hargitse, da irin wannan gyara, domin ya bambance aikin jeri da aikin ɗanko.

Mataki na biyar: murfin bakin 3′

Idan oligon ba firaima ba ne, hanya mafi tsabta ta tare masu cin bakin 3′ ita ce a ƙara masa harafin T guda a kife, ta yadda zai haɗu da zaren 3′ da 3′. Enzayim ya zo neman wutsiya sai ya tarar da kai a bakunan biyu. Wannan gyara bai cika taɓa ƙarfin mannewa ba, ba ya kuma kawo ɗankon PS, shi ya sa masu aikin aftama, wato oligon da ke naɗewa ya kama furotin da siffarsa, suke son shi. Maganin ido pegaptanib, da aka amince da shi a 2004, yana ɗauke da irin wannan murfi. Yana hana enzayim mai kwafi ɗora haruffa, don haka ya dace da oligon da ake son ya toshe wuri kawai. Haɗa kifaffen T a bakin 3′ da PS biyu ko uku a bakin 5′ shi ne abin da nake ba da shawarar a fara gwadawa a yawancin ayyukan ƙwayoyin halitta.

Mataki na shida: gyaran sukari

Idan gwaji ya nuna ana tsinke zaren a tsakiya, ko ana buƙatar ya kwana biyu ko uku yana aiki, sai a koma kan sukarin. Ana ɗora wani ɗan reshe a matsayi na 2′ na sukarin, wanda ke tare wa enzayim hanya ya kuma ƙara ƙarfin mannewa da RNA. Mafi araha shi ne 2′-O-metil, wanda akan rubuta da ƙaramin m kafin harafi. Sai MOE, mai reshe mafi tsawo da kariya mafi ƙarfi, wanda aka gina nusinersen da shi, maganin wata cutar shanyewar tsoka ta jarirai mai haruffa 18 da aka amince da shi a 2016. Sai kuma LNA, wanda ƙungiyar Takeshi Imanishi a Japan da ta Jesper Wengel a Denmak suka samar a 1997 da 1998, inda ake ɗaure sukarin da wata gada ya ƙage a siffa ɗaya. Kowane harafin LNA yana iya ɗaga zafin rabuwa da digiri 2 zuwa 8, wanda ke mayar da abin da PS ya rage har da riba, amma ƙarfin nan nasa yana sa oligon ya manne wa kansa, don haka ba a jera fiye da huɗu a wuri ɗaya, kuma a duba a kwamfuta ko haruffan LNA suna iya haɗuwa da juna. Gyaran 2′-fuloro yana ƙara mannewa sosai, amma shi kaɗai ba ya tsayar da ekzonukiliyes, sai an haɗa shi da PS.

Ga wanda ke son RNase H ya yanke masa RNA, tsarin da aka saba shi ne haruffa 5 masu gyaran MOE a kowane gefe da haruffa 10 na DNA a tsakiya, da ƙullin PS. Gefunan suna zama garkuwa, tsakiyar kuma ita enzayim ke ganewa. Idan aka gyara sukarin dukan haruffan, oligon zai daɗe, zai kuma manne da ƙarfi, amma RNase H ba zai taɓa RNA ɗin ba.

Duk oligon da aka yi wa waɗannan gyare-gyare a nemi a tace shi da na'urar tacewa ta HPLC, idan kuma zai shiga ƙwayoyin halitta masu rai a nemi a mayar da shi gishirin sodiyam, domin ragowar sinadaran tacewa suna da guba.

Akwai waɗanda suka sauya ƙashin bayan zaren gaba ɗaya: PNA da Peter Nielsen da abokan aikinsa suka fitar a 1991, da mofolino na James Summerton, da DNA mai juyayyar siffa kamar hoton madubi. Nukiliyes ba sa gane su sam, amma tsadarsu da wahalar shigar da su cikin ƙwayar halitta sun sa ba nan ɗalibi zai fara ba. Haka naɗe oligo cikin ƙananan ƙwayoyin kitse, wanda ke ɓoye shi daga enzayim har ya shiga ciki. Abin da ya fi kusa da hannu shi ne rage maƙiyin a ruwan kiwo: a zuba oligon a ruwan da babu siram, wato ruwan jini, na awoyin farko, sannan a gwada ƙwayoyin halittar ko suna ɗauke da maikofilazma, domin waɗannan ƙananan bakteriya suna da nukiliyes masu ƙarfi, ba sa kuma gurɓata ruwan yadda ido zai gani.

Mataki na bakwai: a gwada a kan jel

Ba a yarda da kariya sai an gan ta a kan jel, wato daskararren haɗin da ke raba zaruruwa gwargwadon tsayinsu idan aka sa masa wutar lantarki. Tun wajen oda a sayi mafi ƙanƙantar adadi na nau'i uku ko huɗu: wanda ba a gyara ba, mai PS a bakuna, mai kifaffen T, da mai gyaran sukari idan ana tunaninsa. A shirya wa kowanne haɗi mai maikurolita 100, oligo maikuromola 5, a cikin ainihin ruwan da zai yi aiki a ciki, ko ruwan kiwo mai siram ɗin ɗan maraƙi kashi 10 cikin 100, ko siram ɗin mutum kashi 50 cikin 100. Siram ɗin mutum yana buƙatar izinin kwamitin ɗa'a, kuma a riƙe shi kamar mai ɗauke da cutar hanta ko HIV. A kula kada EDTA mai yawa ya biyo oligon cikin haɗin, domin zai kwantar da nukiliyes ya sa a ga juriyar ƙarya.

A sa tiyub ɗin a digiri 37, a naɗe murfinsu da Parafilm saboda ƙafewa. A ɗebi maikurolita 10 nan take a matsayin lokacin sifili, sannan bayan minti 15, minti 30, awa 1, awa 2, awa 6 da awa 24. Kowane ɗiba a zuba shi kai tsaye cikin maikurolita 10 na fomamaid mai EDTA a jefa a firiza, domin cin ya tsaya a daidai wannan lokaci. A ajiye ma'aunin zafi mai riƙe mafi ƙanƙantar karatu a cikin na'urar ɗumi, saboda idan wuta ta ɗauke da dare zafin ya sauka, enzayim za su yi sanyin aiki, samfurin awa 24 ya fito da kyau fiye da gaskiyarsa.

Jel ɗin agaros ba ya raba bambancin harafi ɗaya, don haka ana buƙatar na foliyakirilamaid kashi 20 cikin 100 mai yuriya mola 7 a bafar TBE. Akirilamaid kafin ya daskare guba ne ga jijiyoyi, a sa safar hannu a kuma guji shaƙar garinsa. A kunna jel ɗin babu samfur na minti 30 ya ɗumama, a wanke ramukan da bafa domin fitar da yuriyar da ta taru, a dafa samfuran a digiri 95 na minti 5 a tsoma su a ƙanƙara, sannan a zuba. Bayan an gama a rina da SYBR Gold a ɗauki hoto. Idan oligo mai PS ya ƙi barin rami ko ya fito a sama a shafe, furotin ɗin siram ne suka riƙe shi, sai a maimaita tare da narkar da su da Proteinase K kafin a zuba fomamaid.

Hoton shi zai faɗi mataki na gaba. Idan an ga layuka a jere ƙarƙashin babban layin kamar matakalar tsani, masu cin baki ne, sai a ƙara PS ko a sa murfi. Idan an ga 'yan gutsattsari biyu ko uku masu tsayi daban-daban ba tare da tsani ba, an tsinke tsakiya ne, kuma daga tsayinsu ana iya ƙiyasta wurin a gyara sukarin haruffan da ke nan kawai. Idan layin ya sauka da harafi ɗaya ko biyu ya tsaya, enzayim ya ci baki har ya ci karo da ƙullin da ya fi ƙarfinsa, kuma sau da yawa irin wannan oligo yana ci gaba da aikinsa. A auna duhun babban layin a kowane lokaci da manhajar ImageJ, wadda kyauta ce, a raba shi da na lokacin sifili, a nemo lokacin da rabi ya rage. Idan wanda ba a gyara ba bai lalace ba ko kaɗan cikin awa 24, kada a yi murna, alama ce siram ɗin ya tsufa ko EDTA ya shiga, sai a sake gwajin da sabon siram.

Daga cikin waɗanda suka kai tsawon lokacin da aka rubuta a mataki na farko, a ɗauki mai mafi ƙarancin gyara, a gwada shi a ainihin aikinsa gefe da gefe da wanda ba a gyara ba, ko PCR ne ko rage wani RNA a ƙwayar halitta. Sai ya wuce wannan gwaji na biyu ake aika babbar oda, kuma a liƙa hoton jel ɗin a littafin aiki tare da jerin haruffan, da wuraren taurari, da lambar kwalbar siram ɗin da aka yi amfani da ita.